Abin Da Ya Sa Kuɗi Suka Rasa Auki

Ko ina mutum ya zauna a ƙasar nan, ko a tashar mota, ko a rumfar mai shayi, ko a ɗakin hutun malamai, da wuya a tashi hira ba a taɓo zancen tsadar kaya ba. Kowa da wanda ya ke ɗora wa laifi. Mai saye ya ce 'yan kasuwa ne ba su da tausayi, ɗan kasuwa ya ce direbobi ne, direba ya ce mai ne, mai gidan mai kuwa ya nuna Gwamnati. Na ga ya kamata in ɗan yi bayani a kan wannan al'amari a shafinmu na Hausa, don yawancinmu nan gaba kaɗan za mu zama masu albashi, masu ba da kuɗin cefane, kuma yara za su tambaye mu a aji. Malamin da bai san abin da ke cin aljihunsa ba, ina zai iya fahimtar da wani?

Tsada iri biyu ce

Da farko sai mu rarrabe tsakanin tsada da tsada. Akwai wadda kowa ya saba da ita tun kaka da kakanni. Da kaka hatsi ya yi araha, da bazara zuwa tsakiyar damina ya hau, in sabo ya shigo ya sauko. Ko kuwa wani abu guda ya yi ƙaranci, kamar yadda tsutsa ta cinye tumatir a gonakin Kano da Kaduna a 2016, har kwandonsa ya gagari mutane a Ikko. Irin wannan tsada baƙuwa ce, tana da ranar tafiya, kuma in tumatir ya gagara uwargida ta iya komawa ga miyar kuka kafin ya sauko.

Ta biyu ita ce wadda masana su ke kira hauhawar farashi. Nan kome da kome ne ke hawa tare, gero da sabulu da kuɗin haya da ladan mai aski, ya hau bana, ya ƙara baɗi, ba ya komawa inda ya fito. To, mai karatu, tsaya ka yi tunani. Mudun geron bana ya fi na bara cika ciki ne? A'a. Sabulun bana ya fi na bara kumfa? A'a. Tun da kayan ba su sake ba, ashe abin da a ke ba da su a kansa ne ya sake. Watau ciwon yana jikin kuɗin ne. Takardar naira dubu tana nan da hotonta da lambarta, amma ƙarfinta ya zube, kamar kunun da aka tsinka da ruwa don ya isa baƙi.

Akwai ma'aikatar da aikinta shi ne auna wannan abu, ita ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ko wane wata ma'aikatanta su kan shiga kasuwannin birni da na ƙauye a jihohi 36 da Abuja, su rubuta farashin ɗaruruwan kaya da talaka ke bukata, kamar dai an cika wani babban kwandon cefane. Sa'an nan a gwada kuɗin kwandon nan da abin da ya ci a watan nan na bara. In bara naira 100 ya ci, bana 134, sai a ce hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin 100. Wannan ita ce ma'anar lambar da mu ke ji a rediyo.

Ba yau farau ba

Kalmar nan kuɗi kanta jam'in wuri ce, don da wuri kakanninmu su ke ciniki. Asalinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya a ke kawo shi, hanya mai nisa da wuya, sabo da haka bai cika yawaita ba, darajarsa kuma ta daɗe a tsaye. Sa'ad da Baturen nan na Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ba da liyari ɗaya, watau dalar azurfa, a bakin wuri 2,500. A wajen lokacin nan ne waɗansu fatake na Hambug suka sami wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka dinga cika jiragen ruwa da shi suna jibgewa a Ikko da sauran tashoshin bakin teku, suna sayen manja. Wuri ya cika ƙasa, amma doya da dawa ba su ƙaru ba. Kafin ƙarnin ya ƙare sai da liyarin nan ya ninka a Kano, a bakin teku kuwa faɗuwar wuri ta fi haka muni. Keso guda, watau wuri 20,000, kayan ƙato ɗaya ne cur, in tafiya ta yi nisa abincin ɗan dako da ladansa su cinye abin da ya ɗauko. A 1904 Turawa suka hana shigo da shi.

Ka ga darasin farko ke nan: in kuɗi suka yawaita alhali kaya ba su ƙaru ba, kuɗin ne za su yi arha.

Zamanin takarda ma an maimaita. Naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973, a kan naira biyu fam ɗaya. Ba a jima ba Gwamnatin Janar Gowon, da kuɗin man fetur suka shigo mata, ta karɓi shawarar kwamitin Jerome Udoji ta 1974, ta ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule. Ma'aikata suka ruga kasuwa gaba ɗaya, kowa na neman rediyo da babur da atamfa. A 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30, wanda ya sami ƙarin ya ga ya narke, manomi da ɗan ƙwadago da ba su samu ba kuwa suka sha tsadar a banza. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ita da a 1980 ta fi dala ɗaya da rabi. A 1995 kuwa hauhawar ta haura kashi 70, ita ce mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Nijeriya.

Abin da ya kawo ta kwanan baya

Wadda ta ƙona mu a shekarun 2023 da 2024 ba hanya ɗaya ta biyo ba, rafuka huɗu ne suka haɗu suka yi ambaliya.

Na farko irin na wuri ne. Shekara da shekaru Gwamnatin Tarayya tana kashe abin da ya fi abin da ta ke samu, tana cike giɓin da rance daga Babban Bankin Nijeriya. Zuwa ƙarshen 2022 wannan rance ya kai naira tiriliyan 22.7. Rancen Babban Banki kuwa ba ajiyar wani ba ce aka ɗauko, sababbin kuɗi ne a ke ƙirƙira a zuba cikin ƙasa.

Na biyu shi ne mai. Man dizal, wanda manyan motoci da injunan masana'antu ke sha, ya tashi daga ƙasa da naira 300 lita a farkon 2022 zuwa wajen 800 a ƙarshenta, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoba 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mu da ke zaune nan Kudu mun fi kowa sanin ma'anar wannan. Tumatir da albasa da wake da a ke saukewa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko Bodija ta Ibadan, daga Kano da Sakkwato da Jos su ke fitowa, daga Kano zuwa Ikko kuwa kusan kilomita 1,000 ne. Manja da goro da garin kwaki su ma haka su ke bin hanyar zuwa Arewa. Ko wace albasa da ke cikin tukunyarmu ta biya kuɗin mota kafin ta iso.

Na uku shi ne canji. A Yuni 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin Gwamnati ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a Fabrairu 2024. Wani zai ce, ina ruwana da dala, ni da ban taɓa riƙe ta ba? Da ruwanka. Yawancin alkamar da a ke burodi da taliya da ita daga waje a ke sayo ta. Haka madarar gari, da magunguna da yawa, da kayan gyaran mota, da takardar da a ke buga littattafan makaranta.

Na huɗu shi ne ƙarancin abincin kansa. 'Yan bindiga da rigingimu sun raba manoma da yawa da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Neja da Binuwai da Borno, ambaliyar 2022 ta cinye amfanin gona a jihohi masu yawa, taki kuma ya yi tsada.

Da waɗannan suka haɗu, lambar Hukumar Ƙididdiga ta tashi daga kashi 22.41 a Mayu 2023 zuwa 34.80 a Disamba 2024. Ta abinci kaɗai ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024.

Yadda ta ke shiga gida

Yanzu bari mu bar lambobin Abuja mu shiga tsakar gida, don nan ne abin ya ke ciwo. Shawarata ga kowa ita ce, in zai auna albashinsa, kada ya ƙirga shi da naira, ya ƙirga shi da mudu. A 2019 aka sa mafi ƙanƙantar albashi naira 30,000, lokacin nan kuwa ya isa buhun shinkafa mai kilo 50 har da canji. A Yuli 2024 aka mai da shi 70,000. A takarda an ninka har da ɗori, amma a shekarar nan buhun ya haura naira 80,000 a kasuwanni da yawa. In da dala aka auna, 30,000 ɗin farko sun fi dala 80, 70,000 ɗin kuwa ba su kai dala 50 ba. Albashi ya ƙaru, mai albashi ya ragu.

Kuma wannan ciwo ba ya kama mutane daidai wa daida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi na 2019 ya nuna fiye da rabin abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a abinci ya ke tafiya, na matalauta kuwa ya fi haka. Ga misali na lissafi. A ce mutum biyu ne, ɗaya yana samun naira 100,000 a wata, yana kashe 60,000 a abinci, ɗayan yana samun miliyan ɗaya, yana kashe 200,000. Abinci ya hau da kashi 40. Na farko yana bukatar ƙarin 24,000, watau kusan rubu'in albashinsa. Na biyu yana bukatar ƙarin 80,000, amma kashi 8 ne kacal na abin da ya ke samu. Shi mai miliyan sai ya fasa ɗinka sabuwar riga. Shi kuwa na farko me zai fasa? Kuɗin haya ba su raguwa, kuɗin motar zuwa aiki ba su raguwa. Tilas tukunya ce za ta biya.

Tukunya kuwa tana da tsarin da ta ke bi wajen ramewa, na kuma sha ganinsa a gidajen da na sani. Nama ne ke fara fita, sai kifi, sai ƙwai da madara. Sa'an nan wake ya ragu, mai ya ragu a miya. Daga nan a koma abin da ke cika ciki kawai, garin kwaki ko tuwon masara. A ƙarshe a fara ƙetare lokaci, a ci da safe a haƙura sai dare, uwa kuwa ita ke fara cewa ta ƙoshi don yara su samu. Babba ya iya jure wannan ya farfaɗo daga baya, amma yaro ƙarami da ya rasa abinci mai gina jiki a shekarunsa na fari, hasarar tana iya binsa har girma, a jikinsa da kuma kansa. Mu malamai mu za mu gan shi a aji yana gyangyaɗi da hantsi, mu yi tsammanin lalaci ne.

Ban da abinci akwai waɗansu abubuwa da a ke yankewa a ɓoye. Mara lafiya ya sayi rabin maganin da aka rubuta masa. Uwargida ta ajiye tukunyar gas ta koma gawayi ko itace, ta sha hayaƙi, daji kuma ya ƙare. A cire yaro daga makarantar kuɗi, ko a ɗora wa yarinya talla. Zumunci ma ya kan taɓu, don wanda ke zuwa gida ko wace salla sai ya koma aike, mai aike ya koma gaisuwa ta waya.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata a lura da ita. Wani lokaci farashi ba ya motsi, kayan ne ke tsukewa. Burodi yana nan a kuɗinsa amma ya zama iska, ƙullin gishiri ya ƙanƙance, ƙosai ya koma kamar goriba ta yi masa girma. Wannan ma hauhawa ce, ta sa hula ne kawai.

Wa ke hasara, wa ke samu

Hauhawar farashi tana kwashe dukiya daga hannun wani ta kai hannun wani ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Wanda ya ɓoye naira 100,000 a akwati shekara guda, alhali hauhawa tana kashi 34, in ya buɗe zai tarar da takardunsa cif, amma abin da za su saya bai wuce na 75,000 na bara ba. Ɓarawo ya ɗauki rubu'i bai taɓa kwado ba. Haka ɗan fansho, haka mai albashin da ba a taɓa shi sai bayan shekaru, haka wanda ya ba da rance. Ko adashi bai tsira ba: in na wata goma sha biyu ne, mai ɗaukar ƙarshe yana karɓar lamba ɗaya da mai ɗaukar fari, amma kayan da zai saya sun gaza na wancan da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masu samu kuwa su ne wanda ya ci bashi zai biya da kuɗin da suka yi rauni, da mai fili ko gida ko kaya a rumbu, da mai dala.

Game da 'yan kasuwa, ban ce duka salihai ne ba, akwai masu ɓoye kaya su jira tsada. Amma a yi wa mai ƙaramin kanti adalci. In ya sayo katon a 10,000, ya sayar 11,000, ya koma sari ya tarar ya zama 12,000, riba ya ci ko uwar kuɗi ya taɓa? Shi ya sa ya ke sa farashin gobe a kayan jiya.

Saukar lamba dabam, saukar farashi dabam

Ga wani wuri da mutane da yawa ke ruɗewa. A Janairu 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta kwandonta, ta mai da 2024 shekarar gwaji maimakon 2009, lambar ta koma 24.48. Babban Banki kuma ya riga ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.5 a Mayu 2023 zuwa 27.5 a Nuwamba 2024, don rance ya yi wuya, kuɗi su rage yawo. Cikin 2025 lambar ta yi ta sauka har ta koma ƙasa da 20. Sai mutane suka ce, an ce ta sauka, mu ba mu gani a kasuwa ba, ƙarya a ke yi mana.

Abin da lambar ke aunawa shi ne saurin hawa. Motar da ta rage gudu ba baya ta koma ba, gaba ta ke yi a hankali. Abin naira 1,000, in ya hau da kashi 34 ya zama 1,340. In baɗi hauhawa ta sauko kashi 15, zai zama 1,541. Da ta tsaya a 34 ɗin, da ya zama 1,796, a shekara ta uku ya wuce 2,400, watau kafin shekara biyu da rabi kome ya ninka. Saukar lambar alheri ne babba, amma ba ta mai do da farashin da. Gaskiya ne a 2025 masara da shinkafa da waɗansu hatsi sun sauko ƙwarai, har manoma suka koka don sun sayi taki da tsada, amma kuɗin haya da na makaranta da na asibiti, in sun hau sun hau ke nan. Gida ba ya farfaɗowa sai abin da ke shigowa ya kamo abin da ke fita, wannan kuwa ya kan ɗauki shekaru.

Abin da mutum zai iya

Ba zan ruɗe ku ba, tattalin maigida ba ya warkar da kuɗin ƙasa. Maganin yana hannun hukuma: ta daina cike giɓi da sababbin kuɗi, ta tsare manomi a gonarsa, ta gyara hanya da jirgin ƙasa da wurin ajiyar amfanin gona. Haƙƙinmu ne mu san wannan, mu kuma tambayi masu neman ƙuri'armu a kansa.

Amma kafin nan akwai 'yan dabaru. Maigida da uwargida su zauna su rubuta abin da ke fita ko wane wata, don wanda bai je kasuwa ba ya kan zargi mai cefane a banza, gidaje da yawa kuwa wannan zargi ya hana su zaman lafiya. Maƙwabta ko abokan aiki su haɗa kuɗi su sayi buhu da kaka su raba, ya fi awon mudu mudu da bazara. Abin da za a ajiye na dogon lokaci a mai da shi akuya ko kayan sana'a. Adashi a gajarta shi, ko a riƙa juya layi, na ƙarshen bana ya zama na farkon baɗi. Bayan ɗaki in da ɗan fili a shuka alayyafo da kuɓewa. A kuma guji rancen nan na waya mai ruwa, don wanda ya ci shi ya yi cefane, watan gobe cefane biyu zai biya.

Mu kuma da za mu riƙe alli, ga aiki a hannunmu. In mun zo koya wa yara lissafin kashi cikin ɗari, mu aike su su tambayo iyayensu nawa mudun wake bara, nawa bana, su auna da kansu a allo. Yaron da ya iya wannan lissafi, in ya girma aka ce an ƙara masa albashi, zai fara tambaya mudu nawa ne kafin ya yi godiya.

Allah ya sa wa abin hannunmu albarka.